Kiran da Ya Shigo ta Waya

Tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina a Jidda, Muath bai leƙa titi ya fi sau uku ba. Ba takardar iƙama ta zama a ƙasar, ba makaranta, ba aiki, kuma in aka kama shi sai Najeriyar da bai taɓa gani ba. Don haka a ɗakin da suka kama a unguwar Mahjar yake wuni, daga shi sai waya, har mahaifiyarsa Jamilatu ta dawo daga aikatau.

Ran nan bayan azahar yana ta jan allo da yatsa, sai ya faɗa wani shafi da ake nuna bidiyo kai tsaye. Shafin ba suna. Mai kallo ɗaya ne, shi. Hoton na tafiya a hankali cikin wani lungu. Ya gane shagon mai burodi, ya gane tsagaggen tankin ruwa. Lungunsu ne na Karantina, wanda yau fili ne fetal.

Sai wata murya ta ce, "Maigidana."

Mutum ɗaya ke kiransa haka, kakarsa Indo, don tsokana. Ita kuwa ta rasu tun kafin rusau.

Da yamma ya gaya wa mahaifiyarsa, rabi Hausa rabi Larabci. Ta ce a can gida ba a amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba, balle da tsakar rana.

"Kar ka amsa. Ka ji ni? Halas."

Ya ce to. Shi dai a Hausarsa ta ɗan Jidda, da baki ake amsawa.

Washegari hoton ya shiga har tsakar tsohon gidansu. Muryar ta tambaye shi me ya ramar da shi haka, ko ya ci abinci, ta ce ga tuwo na hucewa. Muath ya datse leɓɓansa kamar yadda aka ce masa. Da yatsa kawai ya rubuta: na'am.

Da Jamilatu ta dawo, takalmansa na bakin ƙofa, fanka na juyawa, shi kuwa ba ya nan. Wayar na kan katifa, da ɗuminta. Ta ɗauka. A allon ga tsohon tsakar gidan, ga Muath a tabarma ya ba da baya, yana cin tuwo a nitse.

Mai kallo ɗaya.

Sai muryar ta ce, "Jamilatu."

Ta toshe bakinta da hannu ɗaya. Ɗayan kuwa ya ƙi sakin wayar.