Kifin Gwaggo Dela

Tun daga zaure Bilyamin ya ji warin. Ya jingine babur, ya sauke silindar gas da jakar kayan aiki, ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci.

Gwaggo Dela, ƙanwar mahaifinsa, tana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, hannu a ƙugu. Ta daɗe tana sarin kifi wurin masuntan kogin Kwara tana sayar wa matan da ke suya a tashar Illo. Firizar da take ajiya a ciki ta hannu ce, daga tsallaken iyaka aka kawo ta, har yanzu da rubutun Faransanci a murfinta.

"Mi kaka toshe hanci awa baƙo?" in ji ta. "Kifi ne, ba gawa ba."

"Gwaggo, tun yaushe ta daina sanyi?"

"Jiya."

Ya ɗaga murfin. Ba jiya ba ne. Wani jan ruwa mai yauƙi ya kwanta a ƙasa, tarwada da karfasa sun jiƙe a ciki, idanunsu sun yi fari sun lotsa. Ya danna cikin ɗaya da yatsa, wurin ya zauna bai taso ba. Ya fita tsakar gida ya tofar da yawu.

"To, kwana ukku," ta ce a bayansa. "Kai dai zuba mata iska. In ya daskare ba mai jin komi. Gobe da sahe matan na tahowa ɗauka. In anka sa yaji anka soya, wa za shi sani?"

"Cikin wanda ya ci."

"Ji shi! Likita. Bari in kira Ango, shi ba shi da surutu."

Bilyamin ya san Ango. Daga ƙetare yake shigowa da silinda a bayan babur, ya ɗura gas ya kama gabansa, ba ya duba komai. Gas ɗin zai tsiyaye cikin kwana biyu, amma kwana biyu ya ishi kifin nan ya yi tauri ya fita kasuwa. In shi Bilyamin ya yi fushi ya tafi, abin da za a yi ke nan.

"Bar shi, Gwaggo. Zan duba."

Ya durƙusa a bayan firizar. Injin yana gurnani, ya yi zafi, bututun da ya kamata ya ɗauki ɗumi kuwa salam yake. Ya ɗaura gejin auna ƙarfin gas, allurar ta kwanta ƙasa. Ya bi mahaɗar bututun da yatsa yana neman maiƙo, don inda gas ya fita mai yakan biyo shi. Babu.

"Iskar nan ba ta ƙarewa haka kawai, ƙofa ta samu," ya ce. "Ba a waje take ba. Sai an kwashe kifin na duba ciki."

Ta yi tsaki, ta ƙwala wa Safina, matar ɗanta, kira. Suka kwashe shi a manyan robobi huɗu. Ɗakin ya yi kaɗan, sai a tsakar gida aka jere su. Safina ta ɗaure hanci da ɗankwali.

Da aka kwarfe ruwan ya ga bangon ciki duk zane-zanen wuƙa, inda Gwaggo take sassaƙe ƙanƙara in ta yi kauri. Ya ɗura gas kaɗan don ya sami ƙarfin turowa, ya kaɗa sabulu a kofi, ya shiga shafa kumfa da soso. A kusurwar hagu, can ƙasa, kumfar ta kumbura ta fashe, ta sake kumbura. Rami ne kamar bakin allura.

Ya sa tsumma ya goge wurin.

"Ka gane shi?" in ji Gwaggo daga ƙofa.

"Tukuna. A ƙaro sabulu."

Ya koma ɗaya kusurwar yana shafawa a hankali, taki ɗaya bayan taki ɗaya. Rana ta take. Ƙudaje masu koren baya suka sauka a robobin har ba a ganin kifin sosai. Kyanwa biyu suka hau katanga, ɗaya ta sauko ta sansana ta koma. Gwaggo ta rufa buhuna a kai, ta zo ta leƙa, ta koma, ta sake dawowa.

"Wai kai a Kaduna barci anka koya maka?"

"Ramin ƙarami ne, Gwaggo."

Ya tafi sallar azahar bai yi sauri ba. Da ya dawo warin ya kai bakin titi. Maƙwabciyarsu Halima Sa'adiya ta ɗago kai ta kan katanga.

"Dela, lahiya? Akuya tam mace maku?"

"Magudana ce," in ji Gwaggo, ba ta ko waiwaya ba.

Gab da la'asar ta yaye buhu ɗaya, ƙudajen suka tashi buu. Ta kamo wata tarwada ta wutsiya, wai ta gwada ko na ƙasa da sauran dama. Naman ya saɓule daga ƙaya ya faɗa cikin roba, ya bar ta da wutsiyar a hannu. Ta tsaya tana kallonta. Sai ta yar, ta ruga bayan ɗaki, suka ji tana kakari.

Da ta fito ta kuskure baki ta ce wa Safina, "Kira mai kura. A kai bayan gari a gina rami. Kar a zuba a ruwa."

Sai da kurar ta fice daga zaure sannan Bilyamin ya kira ta. Ya shafa kumfa a kusurwar hagu, ta kumbura.

"Ga shi nan. Bakin wuƙarki ne."

Gwaggo ta sunkuya ta duba, ta ɗago ta dube shi.

"Tun yaushe kag gane shi?"

"Tun kafin azahar."

Ta nuna ramin da yatsa.

"Liƙe ka fice min daga gida. Kuma zan gaya ma ubanka."

Ya saki sauran gas ɗin, ya kankare wurin, ya kwaɓa gam ya liƙe. Aikin bai kai minti goma ba.