Ina Ruwan Yake Tafiya?

Karo na uku ke nan Injiniya tana zagaya ginin, kanta a ɗage, wuyanta har ya fara ƙagewa. Bene ne hawa huɗu, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, an lulluɓe fuskarsa da farin tayil mai sheƙi. Aikinta ta duba jikin ginin daga waje ta sa hannu a takarda, shi ke nan.

"Wai me kike nema ne, allura?" in ji Oga, babbanta a ofis, yana fifita da fayil a inuwar mota. "Babu tsagewa, babu tsatsa. Sa hannu mu tafi, rana na ci na."

Wata biyu kacal da aka fito da ita daga ɗakin ajiye takardu, bayan shekara shida tana roƙon a bar ta ta yi aikin da ta karanta. Oga kuwa ya faɗa mata tun ranar farko, ba ɓoye-ɓoye: kuskure ɗaya, ta koma cikin ƙura da fayil-fayil. Amma wani abu ya tsaya mata a rai, ya ƙi wucewa.

Ta ƙirga na'urorin sanyaya ɗaki da ke manne a bango. Goma sha huɗu, duk suna ruri. Ta dubi daɓen da ke ƙarƙashinsu, inda mutane suka yi layi a ƙofar kantin magani. A bushe yake ƙamas. Kai, ko ɗigo!

"Oga, ina ruwan yake tafiya?"

"Wane ruwa kuma?"

"Na'ura sha huɗu na aiki da tsakar rana, ai da nan ya jiƙe sharkaf."

Ba ta jira amsa ba. Ta haye hawa na biyu, ta ratsa ofishin wani lauya tana ba da haƙuri, ta leƙa ta baranda. Ga tiyon da ke fitar da ruwan na'urar nan, an lanƙwasa shi an cusa cikin wani rami a bayan tayil, an shafe bakin da siminti tsaf. Ta ƙwanƙwasa bangon da 'yar gudumarta. Ƙarar da ta ji irin ta kwalin da babu komai ciki ce.

Ta sauko a guje, ta ciro jar igiya daga mota ta fara korar mutane. Wata tsohuwa ta ƙi motsi, wai an kusa zuwa kanta. Injiniya ta kama hannunta. "Baba, don Allah ki yi haƙuri, ni zan riƙe miki layin."

Kafin ta gama ɗaure igiyar, mai ginin ya iso, wani Alhaji ƙaƙƙarfa, babbar riga na jan iska.

"Wace ce wannan? Wa ya ba ki izinin kore min mutane?"

Ta yi masa bayani cikin ladabi. Sai ya bushe da dariya.

"Au, tiyon? Ai dabarata ce! Masu shago suka dame ni, wai ruwa na ɗiga wa masu sayayya a kai. Na sa aka mayar da shi ciki. Shekara uku ke nan, ko mutum ɗaya bai sake ƙorafi ba."

"Ranka ya daɗe, shekara uku ruwa na cin simintin da ke riƙe da tayil ɗin."

Oga ya matso ya yi ƙasa da murya. "Kin san abin da kike yi kuwa? In babu komai, kin kaɗe."

"Na sani, Oga." Amma ba ta kwance igiyar ba.

Alhaji ya ce su biyo shi, zai nuna wa yarinyar nan abin da ake kira gini. Suka hau barandar lauya. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannu ya daki bangon da tafinsa.

"Wannan ne zai fa..."

Bai ƙarasa ba. Tayil ya ɓalle, faɗinsa ya kai ƙofar gareji, ya yi ƙasa gaba ɗaya. Rim! Baƙin ruwa mai wari ya biyo baya yana kwarara. Daidai inda layin nan yake ɗazu, nan ya tarwatse.

Salati ya ɓarke a titi. Tsohuwar nan ta ɗaga hannu sama tana ta zuba albarka. Injiniya ta riƙe ƙarfen baranda, wallahi daɗin da ta ji bai da misali. Oga ya cire hula ya share zufa, ya miƙa mata fayil ɗin da hannu biyu.

"Rubuta rahoton da kanki, Injiniya."

Alhaji ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya yi gyaran murya.

"'Yata... akwai wani ginin nawa a bayan tasha. Shi ma haka na sa aka yi masa."

Ta buɗe sabon shafi, ta cire murfin biro.

"Hawa nawa ne, Alhaji?"