Falo a Cikin Katkat

Motar ta shigo Garin Labbo, ƙauyenmu da ke ƙasar Kwaya, ranar Talata bakwai ga watan Maris na 2023, ba cikin azumi ba kamar yadda wasu ke faɗa yanzu. Katkat ce, wato mota mai ja da taya huɗu, fara, tsohuwa, irin wadda ƙungiyoyin agaji ke gwanjonta idan ta gaji. Wanda ya sayo ta kuwa Abdulwahab ne, ɗan ƙanena marigayi, mai shagon cajin waya a Magarya, mutumin da kafin wannan shekara bai taɓa tuƙa abin da ya fi babur nauyi ba.

Tun ranar na buɗe bayanta na duba. Shekara talatin da shida na yi ina koyarwa a lakwal-lakwal, wato makarantun boko, na ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, saboda haka na san abin da ake nema a bayan irin wannan mota. Duka suna nan: faifan ƙarfe biyu masu huda-huda da direbobi ke kira tol, waɗanda ake shimfiɗa wa taya idan ta nutse a rairayi, da shebur, da kirik na ɗaga mota, da famfon iska, da taya ta biyar. A shekarar yunwa ta 1974, ina sabon malami a Dungas, na ga motar hatsi ta yi kwana uku a yashi saboda rashin waɗannan faifai, mutane na kallonta da yunwa a cikinsu.

Na ce wa Abdulwahab, "Ka yi sa'a. Ko me za ka taɓa a motar nan, kada ka taɓa waɗannan."

Ya ce, "To, Baba," idonsa na kan waya.

Abin da yake kallo a wayar shi ne Turawa masu yawon hutu, waɗanda ke mayar da bayan motocinsu ɗakin kwana. Su suna da kafintoci da kuɗi. Shi kuwa yana da guduma, da kwalin ƙusa, da lokacin da ba ya da abin yi da shi. Ya kwance kujerun baya ya jingine su a zaure. Ya wargaza kabad ɗin matarsa Mubina, wanda iyayenta suka yi mata, ya kafa gado mai tsawon mutum da katakon, ya yi masa aljihuna uku a ƙasa. Ya liƙa jan kafet a kai, ya rataya labule mai geza a kowace taga, ya kewaye rufin da ƙananan fitilu masu kore da shuɗi, irin na shagon aski. Ya sayo wani firigo na hannu wanda tun ranar da aka kawo shi ruwan da ke cikinsa bai fi na randa sanyi ba.

Da ya gama, ya kira ni in gani, ya tara maƙwabta.

"Baba, duka aikin nan bai ci jika ashirin ba. Da hannuna na yi. A Turai sai miliyan."

"Ina tol ɗin?"

"Ai ba su da wuri. Mubina ta tare ƙofar garken awaki da su."

"Shebur fa?"

"Yana wajen masu gini. Baba, dubi nan dai." Ya nuna mini wani akwatin katako tsakanin kujerar direba da ta fasinja, an huda samansa rami huɗu daidai kofunan shayi, da babban rami na buta. An shafa masa fenti ruwan zinariya.

Na duba da kyau. A irin wannan mota sandar giya biyu ce: doguwa ta tafiya, da gajera wadda direbobi ke kira kirabo, wadda ita ce ke sa tayoyin gaba su ja. Doguwar na nan. Gajerar ta shige cikin akwatin shayi, an buga mata ƙusa ta kowane gefe.

Na ce, "Ka binne kirabo."

"Wannan ɗan ƙarfen? Tunda na sayi motar ban taɓa amfani da shi ba. Tsaye yake kawai yana cin wuri."

Maƙwabta suka yi ta sa albarka suna shafa kafet. Na koma gida. A shekarun koyarwata na koyi gane ɗalibin da ƙarin bayani zai amfana, da wanda sai ya faɗi jarrabawa.

Sai dai wannan karon ba shi kaɗai zai zauna jarrabawar ba. Yayata Tata, wadda ta girme ni da shekara uku, ta biya kujerar Makka tun farkon 2020, da gyaɗar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana matsewa tana sayar da mai da ƙuli-ƙuli. A wannan shekara da wadda ta biyo ta annoba ta rufe hanya. A 2022 aka buɗe, amma ba ga wanda ya haura sittin da biyar ba. Sai a 2023 sunanta ya fito, tana da saba'in da biyar, gwiwoyinta kuma sun fara ƙin ta. Jagoran maniyyata ya aiko da saƙo a fili: bas zai tashi daga Magarya zuwa Damagaram ranar Litinin biyar ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu na rana, kuma wanda aka kira sunansa bai amsa ba, za a ba wani kujerarsa ta jirgi. Tata ta ce ba ta da wata shekarar da za ta ƙara jira, kuma babu wanda ya musa mata.

Na ba da shawarar ta tafi tun Lahadi a amalanke ta kwana a Magarya. Abdulwahab ya tashi tsaye.

"Haba Baba! Gwaggo ta tafi Makka a bayan jaki, ga mota a gida? Me mutane za su ce da ni? Awa ɗaya ce fa."

Tata ta ce, "Illa, bar shi ya samu ladan. Ɗan ɗan'uwanmu ne."

A al'adarmu maniyyaci ba ya fita shi kaɗai. Ƴan'uwa da maƙwabta suna raka shi har bakin mota, kuma matan gida shida sun yi wanka sun ɗaura sababbin zannuwa don haka. Da suka buɗe bayan katkat suka tarar babu wurin zama, sai gado, da firigo, da labule. Motar da a da ke ɗaukar mutum goma ta koma ta uku. Suka tsaya a ƙofar gida suna ɗaga hannu. Mubina ta dubi katakon kabad ɗinta. Tata ta zauna gaba. Ni kuwa, da yake tsakanin gadon da rufi bai kai kamu biyu ba, na yi tafiyar a kwance, kaina kusa da jakar Tata mai ƙanshin yaji da daddawa.

Mun tashi ƙarfe tara saura kwata. Ruwa bai sauka ba tukuna, yashi ya yi wata takwas yana soyuwa. Tsakaninmu da hanyar jan ƙasa akwai wani tudun rairayi da muke kira Rairayin Hamida. Masu amalanke suna sauka su tura idan sun zo wurin. Abdulwahab ya shiga shi yana gyara sautin rediyo.

Motar ta yi nishi ta tsaya. Ya taka mai. Tayoyin baya suka juya suna watsa yashi, na gaba suna tsaye kamar ba da su ake ba. Ya ƙara takawa. Ina kwance ina jin bayan motar yana sauka da ni a hankali, har ƙasanta ya zauna daram a kan tudun.

"Daina!" na ce. "Kabari kake haƙa mata."

Muka fito. Ƙarfe tara da minti ashirin. Babu shebur, saboda haka muka haƙa da hannu, da murfin firigo, da tiren shayi. Yashin ya yi zafin da ba a iya riƙe shi. Duk abin da muka kwashe sai ya zubo ya koma. Abdulwahab ya hau tudu yana neman layin waya. Tata ta zauna a inuwar motar da carbinta, kuma kowane lokaci kaɗan takan ce, "Illa, ƙarfe nawa?" Ina faɗa mata gaskiya, domin ban saba rage minti ba.

Goma da rabi ta wuce lokacin da Wada ya ɓullo daga gonarsa da gatari a kafaɗa, yana sassabe. Wada tsoho ne sa'ana, ya yi yaron mota a manyan motocin gyaɗa tun zamanin da ake tara buhuna kamar tsauni a Magarya. Ya gaishe da Tata, ya kewaya motar sau ɗaya.

"Mushe Illa, ina tol?" Mushe ake kiran malamin boko a wajenmu.

"Suna tsaron awaki."

Ya dube ni, ya dubi Abdulwahab. "To yaro, sa kirabo mana."

Abdulwahab ya sosa ƙeya. Wada ya leƙa ciki ya ga akwatin zinariya da ramukan kofuna. Ya daɗe yana kallo.

"Wane ne kafintan?"

"Ni ne, Baba Wada."

"Madalla. Sannu da aiki. Mota mai ƙafa huɗu ka ɗaure biyu don ka sha shayi."

Ya ɗaga gatari. Abdulwahab ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, tsaya! A zare ƙusoshin a hankali, akwai ɗan ƙarfe a... kwana huɗu na yi a kan akwatin nan!"

Sai Tata ta miƙe. Ta dafa motar, ta tako har gabansa. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ga ɗan ƙanenta ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Abdulwahab, kai kwana huɗu. Ni shekara goma sha ɗaya a bakin turmi, da uku ina jira. Sake masa hannu."

Sara biyu akwatin ya rabu. Gajerar sandar ta bayyana, ƙura ta lulluɓe ta. Wada ya tsuguna ya murɗa makullan tayoyin gaba, ya rage wa tayoyi huɗun iska da tsinken ashana, sa'an nan ya ce ko da kirabo motar ba za ta fita daga ramin da aka haƙa mata ba sai an shimfiɗa mata abu mai ƙarfi. Idanunmu duka suka koma kan gadon.

Ni da kaina na fara jan aljihun farko, kuma ba zan ɓoye cewa na ji daɗin ƙarar da ya yi ba. Muka ɓamɓare katako ɗaya bayan ɗaya. Ƙusoshin ba su yi gardama ba, domin rabinsu a karkace aka buga su. Muka cusa faffaɗan a ƙarƙashin tayoyi, jan kafet a sama don taya ta kama. Wada ya zauna a kujerar direba, ya ja kirabo, ya taka mai a hankali kamar mai tsoron tada barci. Katako ya yi ƙara ya tsage, motar ta hau ta yi taku biyar ta sake nutsewa. Muka kwaso guntayen muka kai gaba. Sau shida muka yi haka. A karo na ƙarshe har labulen da gezarsa sun shiga ƙarƙashin taya. Da muka kai ƙasa mai tauri, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyar, babu abin da ya rage na falon sai fitilun rufi.

Wada bai ba da sitiyari ba. Da yake famfo ma yana gida, tayoyin suka tafi a sace, ba a iya gudu da su. Ni da Abdulwahab muka zauna a kan ƙarfen bayan mota tsirara, muna riƙe da jakar Tata, kowane rami yana ɗaga mu.

Mun shiga tashar Magarya sha biyu da minti huɗu. Bas na kunne. Jagora na tsaye a ƙofa da takarda, kuma mun ji da kunnenmu yana cewa, "Tata ta Garin Labbo, kira na uku!" Ta amsa tun daga tagar mota da muryar da ban san tana da ita ba. Ta hau da yashi a zanenta har gwiwa. Ba ta waiwayo ba sai da ta zauna.

Kafin la'asar labarin ya riga mu isa gida, amma a wata siffa dabam. A bakin masallaci na tarar da Abdulwahab yana gaya wa mutane cewa da bai yi dabarar sa katako a motar ba, da Gwaggo ta rasa Makka. Wasu har suna gyaɗa kai. Na faɗi lokutan da abin ya faru ɗaya bayan ɗaya, da inda tol suke a sa'ar, amma nasa labarin ya fi nawa daɗin ji.

Hajiya Tata ta dawo ranar goma sha tara ga Yuli. Ta aiko tun daga Damagaram cewa ba za ta shiga katkat ba sai an mayar da kujeru, an kwance faifan nan daga garke an wanke su. Aka yi hakan, matan gida shida suka samu wurin zama suka je tarbarta. Da aka zo rabon tsaraba, kowa ya samu dabino da zamzam, Wada ya samu jallabiya, Mubina ta samu alkawarin sabon kabad. Abdulwahab ya matso yana murmushi. Hajiya ta sa aka miƙo masa wani dogon abu naɗe a buhu, wanda ta tsaya ta saya a kasuwar Magarya. Shebur ne.

Ya karɓa ya yi godiya. Makon da ya wuce na gan shi yana auna marfin bayan motar da igiya, waya a ɗaya hannun, yana kallon Turawan nan.