Mai Ɗanɗana wa Inna Kuku

"Ku bi ni a hankali, ba buhun siminti kuka ɗauko ba," in ji Inna Kuku daga kan kujerar roba.

Ɗanta, direban bas, ya riƙe kujerar ta gaba, mai gyaran wuta na hawan ƙasa ya riƙe ta baya, suna hawa matattakalar benen da ita suna nishi. Nishin ma na ladabi ne kawai, don tsohuwar ba ta ƙara wa kujerar wani nauyin kirki ba. A ranar asibiti suka sallamo ta, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta amma ba mai furtawa. Auta, 'yar maƙwabtan da ƙofarsu ke kallon tata, ita ce ta riƙe musu ƙofa.

Direba ya nufi ɗakin kwana, Inna ta ƙwanƙwasa masa kai da 'yan yatsu.

"Ina za ka kai ni? Kicin."

"Inna, likita ya ce ki kwanta."

"Likita ne ya haife ka? Kicin na ce."

Suka ajiye ta a gefen taga, tsakanin firij da kantar da ta jera tukwanenta, manya a ƙasa, ƙanana a sama. A kicin ɗin wata makarantar kwana ta ƙare ƙuruciyarta, daga can ta samo sunan, kuma har ta yi ritaya hannunta bai koyi dafa abincin mutum biyu ba. Ta zuba wa wata tukunya da ke kan murhu ido, ta taɓe baki.

"Harshena, zo nan," ta ce da Auta. "Buɗe min wannan, ki faɗa min ta'asar da yaron nan ya tafka a bayana."

Auta ta ɗiga miyar a tafin hannu ta lasa. "Gishiri ya yi yawa, Inna. Kuma ta kama ta ƙasa."

"Na sani! Tun daga matattakala hancina ya kawo min ƙara."

Direba ya yi dariya, dariyar ta karye masa a tsakiya, ya fita wai zai kwaso kaya daga mota.

Wanda bai san Auta ba, ba zai ga komai a wannan lasar ba. Amma duk benen sun san ta. Tana jami'a abin ya same ta. Ya fara da tsokanar ƙawaye a kan kumatunta, ta rage abinci, ta ƙara ragewa, har ta wayi gari tana tsoron faranti kamar wuta. Wata murya ta tare a kanta, ba ta da aiki sai lissafin loma da zagi. Karatu ya tsaya. 'Yan uwa suka ce iyayi ne, wasu suka ce ta samu wuri ne. Sai da ta yanke jiki ta faɗi aka kwantar da ita, sannan likita ta zaunar da Ummanta ta ce wannan ciwo ne mai suna, kuma yana kisa. Tun daga nan Auta ke zuwa ganin likitar, kuma tana ƙoƙari, wallahi tana ƙoƙari. Sai dai jikinta ya daɗe da daina tambayar abinci, kuma a gida ba ta iya ci. Da ta ɗaga cokali idon Umma zai bi shi har baki, cike da roƙo, sai maƙogwaronta ya rufe ruf.

Ana cikin haka ciwon daji ya kama Inna Kuku a maƙogwaro. Maganin da ake yi mata ya kashe mata ɗanɗano, komai ta sa a baki sai ta ji ƙarfe. Wata rana da azahar aka buga ƙofarsu Auta, sai ga tsohuwar riƙe da ludayi, ta tara ɗaya hannun a ƙarƙashinsa. Umma ta miƙo hannu za ta karɓa, Inna ta kauce.

"Ba ke ba. Yarinyar nake nema. Ke, ara min harshenki, nawa ya yi yaji ya bar ni."

Auta ta ja da baya. "Inna, ni ba na…"

"Ban ce ki ci ba. Wa ya ba ki abincina? Gishiri kawai za ki duba min."

Ɗigo ɗaya ne a tafin hannu. Auta ta lasa.

"Ya ji?"

"Ban sani ba."

"Kai, wannan harshe ya yi tsatsa. Biyo ni, ba a yin aiki a tsaye a bakin ƙofa."

Haka aka fara. Kullum Auta ta taso daga shagon wanki da guga da take aiki, sai ta tarar da ƙofar Inna a buɗe. Tsohuwar ba ta taɓa ce mata "ci" ba, ba ta taɓa kallon bakinta ba. Baya take juya mata tana goge murhu, tana jero tambayoyi kamar alƙali. Me ya fara isa harshe? Me ya zo daga baya? Albasar ta yi zaƙi ko da sauran ɗanyenta? In Auta ta haɗiye da sauri don ta huta, sai Inna ta ce, "Ban ji komai ba, sake." Dole ta riƙe abin a baki ta saurare shi, kuma muddin tana sauraro, muryar nan ta kanta ba ta samun wurin sa baki. Daga baya Inna ta ce ai ba a gane miya ita kaɗai, sai da 'yar shinkafa. Daga cokali aka koma ƙaramin faranti. Kafin shekara ta zagayo fuskar Auta ta dawo fuskar mutane, likitarta har da tafa hannu.

Amma a kicin ɗin Inna kaɗai. Da zarar ta tsallaka zuwa gidansu, sai komai ya koma yadda yake. Shi ya sa a ranar da aka hawo da kujerar, Auta ta jiyo Umma a matattakala tana ce wa matar mai gyaran wuta, murya ƙasa-ƙasa, "In baiwar Allahn nan ta tafi, ban san yadda zan yi da yarinyar nan ba." Auta ba ta ji haushi ba, don ita ma tambayar da ke cin ta ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya, ko ruwa Inna ba ta iya haɗiyewa. Nas na zuwa ta zuba mata abinci ta robar da aka sa mata a ciki, Direba na jiƙa mata leɓe da auduga. Amma da gari ya waye sai ta sa a kai ta kicin, kuma sai an ɗora tukunya. Yanzu Auta ce ke riƙe da ludayi, ita kuwa tana daga kujera, ido a rufe, tana tuƙa girkin da kunne da hanci.

"Juya albasar nan, muryarta ta canza."

Auta ta leƙa, ai kuwa gefenta ya fara ja. Ta juyo tana kallon tsohuwar. Mace ce da ba ta fi tsintsiya kauri ba, bakinta ya bushe ya tsage, ta yi sallama da abinci har abada, amma in ƙamshi ya tashi sai ka ga fuskarta ta buɗe kamar an yi mata albishir. Ba hassada, ba ƙorafi. Abin da aka dafa kuma sai ta sa an raba wa benen kaf, tana tambayar wa ya ce me.

Wata rana da la'asar, Direba ya fita sayo magani, ta nuna kwandon da ke kan firij da haɓa.

"Ɓare min lemon can. Ba da wuƙa ba, da farce, ina son in ji shi."

Auta ta ɓare, ƙamshin ya cika ɗan kicin ɗin. Inna ta ja numfashi a hankali.

"To, faɗa min."

Auta ta sa ɓari ɗaya a baki. "Sanyi ne ya fara zuwa. Sai fatar ta fashe, ruwan ya cika baki. Da ɗan tsami a gefen harshe, zaƙin yana daga baya." Ta ajiye sauran lemon. "Inna, in kin tafi ba zan iya ba."

Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya. "Ni nake tauna miki?"

"A'a."

"Ni nake haɗiye miki?"

"Don ke nake ci, Inna. In ba ke, ba ni da dalili."

"Da farko ke nan. Amma kafin a kwantar da ni, ranar da muka yi dankali da ƙwai, na gama tambayoyina tas, na ga kin koma tukunya kin ƙara. Wa ya aike ki?"

Auta ta manta da wannan sam.

"Na yi kamar ban gani ba, don na san halinki, da na yi magana kin ajiye cokali." Ta yi tari, Auta ta goge mata baki. "Yaran da suka bi layi a gabana da faranti, Allah kaɗai ya san adadinsu. Na san wanda ya ƙoshi, na san mai yanga, na san wanda tsoro ya hana. Mai tsoro ba a kallonsa, aiki ake ba shi."

"Ashe dama ba ki buƙace ni ba."

"Ji wata magana! Kuku ba harshe, kin zaci wasa ne? Na yi kuka a kicin ɗin nan ranar da na kasa bambance sukari da gishiri. Buƙata kam na buƙata. Sai dai uwarki na da harshe, wancan mai ƙona miyar ma yana da shi. Na duba na zaɓi wanda ya fi daɗewa yana hutu."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba a kan ɓawon lemon.

"Kuma kada ki kuskura ki bar zuwa wurin likitarki. Ni miya na iya, ita ta san sauran. Uwarki kuma ki yi mata uzuri, idonta ne ba ya jin magana. Cinye lemon nan, ba na son asara."

Ranar da ta rasu, da hantsi ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta mata a cinya. Miyar kifi ta ce a yi. Direba na zaune a ƙasa yana matsa mata ƙafa. Tun safe ba ta ce komai ba, numfashinta na tafiya yana dawowa daga nesa, har Auta ta ɗauka ba ta tare da su. Tukunya na tafasa sai ga muryarta, siririya amma sarai.

"Rage wuta."

Auta ta rage. Tafasar ta kwanta, ta koma 'yar ƙaramar ƙara. Ta jira kaɗan, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta tsaya ta saurara yadda aka koya mata.

"Ya ji, Inna. Daidai. Ba abin da za a ƙara."

Ta juyo. Kan Inna ya ɗan karkata wajen taga, bakinta a ɗan buɗe, fuskarta a sake. Direba bai daina matsa ƙafar ba, sai dai yana ta maimaita "Innalillahi" a hankali. Auta ta tsaya da ludayi a hannu. Ta taɓa zaton mutuwa da hayaniya take zuwa, ashe tana iya shigowa kicin ta jira a rage wuta. Tsoro bai kama ta ba. Wani irin girma ne ya cika ɗakin, har ta ji bai kamata ta motsa ba.

Kafin la'asar maza sun sauka da ita zuwa makabarta. Mata suka cika falon Inna, wasu a kujera, wasu a ƙasa, ana ta "Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri." Auta na rakuɓe a jikin bango, kanta fayau, tana jiran muryar nan ta cikin kanta ta dawo ta karɓi gidanta. Ta kuwa dawo, tana cewa to, an gama, yanzu ba wanda zai tambaye ki.

Sai wani abu ya murɗa mata a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta dafe wurin, ta zaci ciwo ne. Ya sake murɗawa, sannan cikinta ya yi wata doguwar ƙugi da duk na kusa suka ji. Kunya ta rufe ta. Yau, a gidan rasuwa! Matar mai gyaran wuta, da ke gefenta ido jajur, ta dube ta ta ce, "Ikon Allah. Yunwa ce, 'yar nan."

Auta ta zauna da hannu a ciki, tana jin abin kamar baƙon da ya yi shekaru a tafiya. Muryar na ta magana. Ta bar ta tana yi, ta miƙe, ta tsallake ƙafafun mata, ta buɗe ƙofar gidansu.

Umma na kicin, ta juya baya, tana wanke kofunan da aka ba masu gaisuwa ruwa.

"Umma."

"Na'am, Auta."

"Akwai sauran abincin rana?"

Hannun Umma ya tsaya cak a cikin kumfa. Wuyanta ya fara juyowa, ta mayar da shi da ƙarfi.

"Akwai," ta ce da bango. "Yana cikin kula. Ki duba, ƙila da sauran ɗumi."

Auta ta ɗauko faranti ta zuba da kanta, ta ja kujera ta zauna. Lomar farko ta tsaya mata a wuya, ta jira, ta wuce. Ta ɗebi ta biyu.

Umma ba ta juyo ba. Kofi ɗaya ne a hannunta, ta ɗauraye shi ta sake sa masa sabulu, ta ɗauraye ta sake sawa, kafaɗunta na rawa. Famfo na zuba, cokali na taɓa faranti a bayanta.