Alkamar Makokin Gavrila

"Fito da kanki daga buhun nan, 'yar banza!"

Toader ne ke ihu, yana jan ragamar goɗiyarsa Murga da hannu bibbiyu. Ita kuwa ta kafe a tsakiyar maƙerar maƙwabcinsa, kanta cikin buhu har kunnuwa. Da ƙyar ya fizgo ta. Ta ɗago baki duk alkama, tana tauna tana kallonsa kamar ba ita ba. Buhun da aka kawo a ɗinke ya kusa komawa rabi.

Ba laifinta ba ne kaɗai. Shekara goma sha huɗu, duk bayan wata biyu, ta ƙyauren nan take shigowa tsoho Gavrila ya gyara mata kofato ya buga mata takalmin ƙarfe. Ta san hanya fiye da mai ita, kuma ƙyauren ba a taɓa sa masa sakata ba.

Tagar ɗakin da ke kallon tsakar gida ta buɗe. Tun da asibiti suka sallamo Gavrila a watan jiya, gadonsa a gindin tagar nan yake.

"Me ta ci?"

"Alkama ce, Baba."

"Alkama? A maƙerata?"

Matarsa Domnica ta fito daga wajen kaji da bokiti a hannu, ta tsaya cak. A ƙauyen nan masara ake ci. Ba mai sayen alkama tsaba buhu guda sai mai shirin dafa koliva, wadda ake rabawa a bakin kabari. Toader ya sunkuyar da kai yana ta gyaran ragamar da ba abin da ya same ta.

"Domnica," in ji tsohon, "ba ke kika ce min likita ya ce sauƙi nake samu ba?"

"Araha na gani a kasuwa."

"Buhu guda? Ni kaɗai zan mutu, ko da duk mutanen layin nan?"

"Kai dai bakinka ba zai mutu ba," ta ce, ta sa gefen ɗankwali tana share ido.

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Da ya samu numfashi sai ya nuna Murga da yatsa. "Toader, kai ta rafi yanzu. Ruwa har gwiwa. Kada ta fito."

"Lafiyarta ƙalau, Baba, dubi yadda take kaɗa wutsiya. Gumagumai na can kan tudu suna jirana, motar katako kuma gobe za ta zo."

"Alkama ba a ciki take tsayawa ba, ƙafa take sauka. Ka ji abin da na ce?"

Toader ya ji. Amma ya dubi sama ya ga rana ta fito, ya dubi goɗiya ya ga tana tafiya garas, ya ce a ransa tsufa da ciwo ne ke sa mutum tsoron komai. Ya ɗaura mata kayan ja suka hau daji. Har la'asar tana janyo gumagumai.

Washegari da safe ya same ta a barga ta miƙe ƙafafun gaba can gaba, ta jingina nauyinta baya kamar mai shirin zama. Gumi na tsatsafo mata a wuya. Ya taɓa kofaton, ya ji zafi kamar dutsen da ya wuni a rana. Daga barga zuwa rafi taku ɗari biyu ne, amma sai da suka shafe kusan awa guda, tana taka ƙasa kamar a kan garwashi. Ya tsayar da ita cikin ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙarar dutse, ya ɗaure ta a wata bishiya, ya ruga gida ya kira likitan dabbobi. Likita ya ce yana wani gari, sai Litinin. Ya ruga rafi. Ya dawo gida ɗaukar ingirici. Ya koma rafi ya tarar ya manta ingiricin a bakin ƙofa. A dawowa ta uku ne ya ji muryar da yake gudu tun safe.

"Kai, ɓarawon hanya! Zo nan."

Ya je gindin taga, hula a hannu.

"Ka kai ta daji jiya."

"Na kai ta, Baba."

"Jaki ma da ya ji magana. Kawo baro."

"Baro kuma?"

"Da ƙafa zan je? Kawo baro ka sa bargo a ciki."

Domnica ta tare ƙofa. Ta ce sai dai su bi ta kanta. Ta ce iskar rafi za ta ƙarasa shi. Gavrila ya ce ai ta riga ta sayi alkama, asarar me za ta yi? Ta zage shi, ta zagi Toader, ta zagi goɗiyar da uwar da ta haife ta, sannan ta ɗauko rigar sanyinsa ta fata ta sa masa da hannunta, ta ɓalla masa maɓallai har wuya.

Toader ya tura shi a baro ta bayan lambuna. Abin da ya fi damunsa shi ne rashin nauyin. Mutumin da a da yake riƙe ƙafar ingarma tsakanin cinyoyinsa kamar ya riƙe kaza, yau bai kai buhun masara ba.

A bakin ruwa Gavrila ya sa aka fito da ita. Ya miƙa hannu daga cikin baron ya dafa bayan idon sawunta, ya rufe ido.

"Kawo yatsanka. Nan. Ka ji?"

Toader ya ji jijiya na bugawa da ƙarfi, kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

"Naman da ke riƙe da ƙashi a cikin kofato shi ne ya kumbura, kuma ba shi da wurin kumbura, akwati ne a rufe. In ya saki, ƙashin ya juya ƙasa ya huda tafin, shi ke nan. In bai saki duka ba, da sauran magana. Mai da ita ruwa. Ba hatsi, ba ɗanyar ciyawa. Ingirici, shi ma ka jiƙa shi tukuna."

Suna nan sai ga mota ta tsaya a kan gada. Nistor dillali ne, wanda ke bin ƙauyuka yana sayen dawakin da suka gaza, yana kai su inda ake auna doki da kilo. Ba wanda ya san yadda yake yi, amma ko akuya ce ta yi ɗingishi a kwarin nan, kafin azahar ya ji.

"Sannunku da wanka!" ya ce yana gangarowa. "Baba Gavrila, ashe kana nan? Na ji an ce..."

"An ce, amma ban sa hannu ba tukuna. Zo ka auna ni, kilo nawa zan yi?"

"Kai ai ƙashi ne zalla, ba riba." Nistor ya zaga goɗiyar yana kallon cinyoyinta, ko ƙafafun bai duba ba. "Toader, ni da kai ba ɓoye-ɓoye. Yau tana da nama. Nan da sati uku ta rame, ta kwanta, sai ka biya a haƙa mata rami. Ka ba ni ita yau, ka cika kaɗan ka sayi wata kafin aikin daji ya wuce ka."

Toader bai ce a'a ba. Abin da ya ba shi kunya daga baya ke nan. Ya tsaya yana murza hula, yana tunanin gumaguman da ke kan tudu da watannin da zai yi ba abin ja.

"Za ta tashi, Baba?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Wanda duk ya ce maka ya sani, dillali ne." Gavrila ya ja bargo. "Abin da na sani, kofato daga gindin gashi yake fitowa ya sauko, faɗin yatsa a wata. Wanda ya lalace ba ya gyaruwa, sai dai sabo ya turo shi ƙasa a goge. Shekara guda ke nan. Kuma duk sati huɗu sai an rage mata gaban kofaton, in ba haka ba ya yi tsawo ya riƙa ɓamɓare kansa."

"Wa zai rage? Maƙerin da ya saura sai an ƙetare dutse, kuma mashayi ne."

"Kai mana."

"Ni? Ni riƙe ƙafa kawai na iya."

"Shekara talatin kana tsaye a kaina kana surutu. Idonka a aljihu yake?"

Nistor ya yi dariya ya ce zai biyo ranar Laraba. Ya biyo. Ya sake biyowa ranar Asabar. Duk zuwan, Toader ce masa yake ya dawo jibi.

Kwana uku Murga ta yi tana shiga ruwa tana fita. Likita ya zo Litinin, ya yi mata allura, ya cire takalman, ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Toader ya zuba garin katako a barga har idon sawu. Ba ya zama. Daga barga zuwa gindin taga, daga gindin taga zuwa barga, yana kai rahoto. Yau ta kwanta sau biyu. Yau jijiyar ta ɗan lafa. Yau ta ciji hannun rigata. Tuwon masararsa kullum a tsaye yake cinsa, da sanyi. Gavrila kuwa kullum raguwa yake. A rana ta tara murya ta ɗauke. Domnica ta ba shi cokali ya riƙa buga katakon taga in yana son ruwa.

A rana ta goma sha biyu, da hantsi, cokali ya yi ta bugawa ba tsayawa. Domnica ta kai ruwa ya ture, ta gyara matashi ya ture. Yana ta nuna maƙera. Ita ce ta gane.

"Toader! Wai ka kawo ta. Ka ɗauko magagarinsa, mai ƙotar nan da aka naɗe da waya."

Ya kawo ta a hankali ya tsayar a kan garin katako, daidai taga. An tokare tsohon da matasai uku, fuskarsa kamar takarda, amma idanun na nan.

"In ya buga sau ɗaya, ci gaba," in ji Domnica. "Sau biyu, tsaya. Haka yake yi min da miya."

Toader ya ɗora ƙafar hagu a kan guntun itace ya fara goga. Ya kasa kunne. Ƙwas. Ya ci gaba. Goɗiyar ba ta iya daɗewa a kan ƙafa ɗaya, sai ya sauke, su huta, ya sake ɗagawa. Ya karkata magagarin, cokali ya buga sau biyu da fushi. Ya gyara riƙo. Ƙwas. Farin garin kofato na zuba a kan takalminsa. Can sai ƙwas ƙwas, a hankali. Ya ɗago ya ga tsohon ya gyaɗa kai.

Ya koma ƙafar dama, ya ba taga baya. Ƙwas. Ya goga, ya sauke, ya ɗaga. Ƙwas. Ya goga, yana jiran biyun nan. Ya ga kamar ya isa, amma ba a buga ba, ya ƙara ja ɗaya. Ya saurara. Kaji na tono a gindin katanga, ruwa na ɗiga daga famfo. Ya dubi kofaton, ya dubi na hagu, ya shafa da babban yatsa. Ya ƙara rabin ja ta gefen ciki, ya tsaya don kansa, ya sauke ƙafar.

Da ya juya, Domnica na zare cokalin daga hannun mijinta.

Da Murga lafiya take, ita za ta ja amalanken gawa zuwa coci, kamar yadda ta ja na mutane da yawa a layin. Tarakta aka samo. Alkamar da ta rage ta isa koliva har ta yi saura. A bakin kabari Nistor ya matso da hula a ƙirji, ya yi gaisuwa, sannan ya rage murya ya ce motarsa na nan bayan coci.

"Kada ka ƙara biyowa ta ƙofata," in ji Toader. "Ci alkamarka ka tafi."

Ranar addu'ar arba'in Domnica ta sake dafawa. Ta ba Toader nasa a faranti, da sukari a kai, ta ce ya maido mata da farantin, ba irin na bara ba. Bai shiga gida ba, barga ya wuce. Murga ta taho bakin ƙofa, tana ɗingishi amma da ƙafarta, ta miƙo hanci wajen farantin.

"Ke da alkama har abada," ya ce, ya ɗora shi can saman katanga.

Ya durƙusa ya share garin katakon da ke ƙafarta. Wani zobe ya fito a jikin kofaton, ya zagaye shi kamar an ɗaure da igiya an kwance. A samansa, daga gindin gashi, sabon kofato ya sauko, sumul, ba tsaga. Toader ya kwantar da yatsansa a kai. Sabon ya kai faɗin yatsa, har da ɗan saura. Magagarin mai ƙotar waya na rataye a ƙusa, goɗiyar kuma tana hura masa numfashi a ƙeya.