Katin Da Hambali Ya Yaga

Hambali ya tsuguna a bakin gonarsa, ya cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, ya zaro shi a bushe. Dashen tumatirin da ya yi kwana tara da suka wuce duk ya sunkuyar da kai, ganyen ya nannaɗe. A cikin kanal babu komai sai tsattsagaggiyar laka. Injin ban ruwansa na gefe, bakin tiyo a hangame, ba abin da zai ja.

Bisa kansa tuta ce ke kaɗawa a jikin gora, ruwan ɗorawa, da hoton garma a tsakiya.

A wannan reshen kanal ɗin, tsakanin Kura da Bunkure, ruwa da layi ake ba da shi. Kowane ɓangare da ranarsa, ta su Hambali 'yan ƙarshen layi Talata ce. Makullin ƙofar ruwa kuwa yana aljihun Alhaji Badamasi, shugaban manoman rani, wanda shi ne kuma shugaban jam'iyya mai alamar rumbu a mazaɓar. Tun Hambali na saurayi Rumbu ake yi. Da aka kafa sabuwa mai alamar garma, wani tsohon malamin gona, Muzammil, ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma, ya ce in ya hau makulli zai riƙa zagayawa hannun manoma. Hambali ne ya fara yankar kati a garin. Lamba ɗaya. Ranar Talatar da ya yi dashe ya sha ruwansa, washegari ya kafa tuta. Talatar da ta biyo baya ƙofarsu ba ta buɗu ba.

"Lamba ɗaya, addu'a kake wa ƙasar ko lallashinta?" Usaini ne, maƙwabcin gonarsa, mai kati lamba huɗu.

"Kai albasa gare ka, tana da haƙuri. Wannan in ta kai Lahadi a haka sai dai a sako awaki."

"Saura mako biyar zaɓe. Daure."

"Ni na daure. Je ka gaya mata ita."

*

A gida matarsa Zuliha ta ajiye masa kwano ba ta zauna ba.

"Baban Saliha, na ji matan gidan Alhaji na cewa ranar da tutar nan ta sauka ruwa zai zo."

"Maganar mata ce."

"To. Amma da wannan tumatirin ka ce za a mai da Saliha makaranta ta ƙarasa ajin ƙarshe. Garma ce za ta mai da ita?"

Hambali ya san yadda ake komawa Rumbu, kowa ma ya sani. Ba a komawa a ɓoye. Ranar Juma'a ake yi, bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidan Alhaji, mutum ya yaga katinsa da hannunsa jama'a na kallo.

Haka aka yi. Alhaji Badamasi na kan farar kujera, carbi a hannu, mutane a tabarmi. Hambali ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na dawo gida."

"A'a, Hambali ne? Garmar ta gama huɗar?" Aka yi dariya. "To mu ga katin. Ɗanbaba, ɗauko wayarka. Ɗaga shi sama, a ga lambar."

Ɗanbaba, ƙanin Alhaji, ya saita waya. Katin mai roba ne, ya ƙi yaguwa, sai da Hambali ya sa haƙori.

"Faɗi wani abu mana," in ji Alhaji.

"Garma ba ta da kowa a garin nan. Ni ne na ɗaya, ga shi na fita."

Aka yi tafi. Hambali ya matso ya rage murya. "Ranka ya daɗe, maganar ruwa."

"Gobe muna da baƙi. Jibi Lahadi ka same ni a ƙofar ruwa."

Da yamma ya je ya sauke tutar, ya naɗe ta ya kai gida. Usaini na cikin albasarsa, bai ɗago ba.

*

Asabar da hantsi motoci suka cika garin, da 'yan acaɓa da masu adaidaita, kowa da tuta ruwan ɗorawa. Hambali na wurin mai shayi, ya zaci Garma ce ta zo ramuwa. Sai ya ga ayarin ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji, an kafa rumfa. Alhaji Badamasi ya fito cikin babbar riga ruwan ɗorawa, ɗinkin da ba a yin sa a kwana ɗaya. Muzammil ya rungume shi. Aka sanar a lasifika cewa Alhaji ya bar Rumbu shi da mutum dubu biyu, kuma daga yau shi ne shugaban Garma a mazaɓar.

Mai shayi ya ci gaba da fifita garwashi. "Ai Rumbu ta hana ɗansa takarar kansila tun watan jiya. Kai kaɗai ne ba ka ji ba?"

Hambali ya kutsa har ya kamo hannun rigar Muzammil lokacin da zai shiga mota.

"Malam, makullin da ka ce zai zagaya fa?"

Muzammil ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. "Malam Hambali, da kati ɗari da sittin ba a cin zaɓe. Sai mun hau za mu gyara." Ya zare hannunsa. "Na ga hoton jiya."

*

Lahadi tun da sanyin safiya Hambali na bakin ƙofar ruwa. An goge hoton rumbun da ke jikin siminti, an zana garma, fentin ko bushewa bai yi ba. Alhaji ya iso da Ɗanbaba da manoma kamar goma.

"Ranka ya daɗe, yau Lahadi."

"Na sani. Amma Hambali, kai ma ka duba. Jiya-jiya na shiga gidan mutanen nan. Ruwan farko da zan saki, sai in ba wanda ya ci mutuncinsu a waya? Me za su ɗauke ni?"

"Kai ka ce in faɗa."

"Ni na ce ka faɗi wani abu." Alhaji ya miƙa wa Ɗanbaba makulli. "Kuma ka yi mana amfani, ba zan ɓoye maka ba. Mako biyu 'yan Garma suna jan ƙafa kan ba ɗana takarar kansila. Da suka ga lamba ɗaya ta fita, a ranar suka kira ni suka amince."

"To in sake yankar kati."

"Sai an buɗe rajista, bayan zaɓe. Ka jira Talatar da ta dace."

Ɗanbaba ya murɗa ƙarfe, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya gangara yana tura busassun ciyayi a gabansa. Hambali ya bi shi a ƙafa ta kan gaɓa. Ya wuce shinkafar Bilya, ya wuce masarar Dattijo. A mashigar gonarsa ya tarar an riga an jera buhunan yashi uku. Ruwan ya dafa su, ya karkata, ya shiga albasar Usaini.

Usaini na tsaye da fartanya yana buɗe masa hanya. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "An ce in na bari ya tsallaka, nawa ma a rufe."

"Na ji."

Da azahar ya koma gida. Zuliha ta shimfiɗa tutar a tsakar gida, ta baza kuɓewa a kai tana shanya. Saliha na zaune a gefe da littafinta a cinya, tana korar kaji.