Littafi Mai Tsabta

Mai tayil ya ɗaga littafin lissafin 'yarsa da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinto tsumma a kwata.

"Auta, wannan littafin makaranta ne, ko wurin da kaji suka yi tono?"

Shafin kam ba kyan gani. An yi zane an soke, an sake wani an soke, ga wata kibiya ta taso daga wannan kusurwa ta faɗa waccan. A ƙasa malamarsu ta rubuta da jan biro: "Madalla. Akwai wata hanyar kuma?" Ba maki, ba goma bisa goma, ba komai.

"Baba, haka Malama take so. Tambaya ɗaya take ba mu, ta ce kowa ya nemo hanyarsa. Ni har uku na samo."

"Ɗaya ba ta ishe ki ba?"

Abin da ya ƙona masa rai shi ne littafin 'yar ƙanensa da ya gani jiya. Makarantarsu ɗaya da Auta, duk 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, malami ne kawai ya bambanta. Nata littafin tas, layi bisa layi. Malaminsu yakan yi misali a allo su kwafa, ya canza lambobi ya ba su ashirin irinsa, jarrabawa ma daga ciki take fitowa. Shi kuwa mai tayil shekara ashirin ke nan yana durƙuso da igiyar awo, layi in ya karkace ko da faɗin farce ne sai ya ɓamɓare. Yaya za a yi 'yar cikinsa ta zama mai jagwalgwalo?

Matarsa ta ajiye wankin da take ninkewa. "Baban Auta, ka manta barandar nan mai karkataccen bango? Kai da bakinka ka ce sai an ƙaro tayil. Yarinyar nan ce ta ce guntun da ka yanke a wannan gefen, in ka juya shi, zai zauna a wancan. Sati guda kana ba mutane labari har suka gaji."

"Wannan ai gado ne," in ji shi. "Jinina ne, ba aikin wata malama ba."

Mutum ne da in ya yanke magana, to ta yanku.

* * *

Da mai tayil ya kai ƙara ofishin shugaban makaranta, sai aka kira malamar. Ta shigo da ƙurar alli a hannun rigarta, ta gaishe shi da ladabi, ta buɗe littafin a kan tebur.

"Baba, sokewar nan da kake gani, a nan take tunani. Dubi, ta gwada ta raba siffar gida biyu, bai yi ba. Ta juya ta, sai ta gano da kanta. Ba ni na faɗa mata ba. Ka bar mini ita zango ɗaya kawai."

"Malama, ni in na fasa tayil uku kafin in dasa ɗaya, mai gida korata zai yi."

"Ranar da ka fara koyon aikin fa, guda nawa ka fasa?"

Maganar ta taɓa shi, amma ya ƙi ba ta wuri. Shugaban makaranta kuwa tuni ya jawo rajista. Ya ce wannan ne uba na bakwai da ya kawo ƙara, kuma su sakamako ake tambayarsu, ba tunani ba. Kafin a tashi tara an mayar da Auta ɗayan ajin. Mai tayil ya fito yana jin ya yi abin da uba ya kamata ya yi.

* * *

Zango biyu suka wuce, komai ya tafi yadda yake so. Littafi tas, jan biro goma bisa goma, Auta ta zo ta uku a aji. Har ƙanensa sai da ya kai wa takardar sakamakon ya gani.

Wata Asabar ya samu aikin da ya ɗaure masa kai: falo mai kusurwa biyar, ga ginshiƙi a tsakiya. Ya auna, ya sake aunawa, lissafin ya ƙi. Bai damu ba, ai yana da ta uku a gida. Ya zana falon a bayan kwali, ya rubuta awon kowane bango, da ya koma gida ya miƙa wa Auta da farar takarda da fensir.

"Malama Auta, fitar da mu kunya. Kwali nawa zai ci?"

Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta ɗago.

"Baba, ina misalin?"

"Wane misali? Falo ne dai, kamar barandar nan."

"Ba a ba mu irin wannan ba."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Gwada mana. In bai yi ba ki soke, ki sake."

"Ana rage maki in an soke."

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, bai iya duban inda take ba. Auta ta ajiye fensirin a hankali, daidai da gefen takardar, ta miƙo masa da hannu biyu. Ya karɓa ya duba gaba da baya. Fara ce tas, ko ɗigo babu.